Ranar da Kaka Dela Ta Hau Jirgin Abdulghani

Sallama gare ku, 'ya'yana da jikokina masu bin wannan labari. Wadda ta aiko tana cewa in daina zagaye-zagaye in faɗi ko na auri Abdulghani ko ban aure shi ba, ta nemi wuri ta zauna. Ni da na yi jiran ban mutu ba, ke ma ba za ki mutu ba.

Wanda yau ya fara shigowa, sunana Mastura, haihuwar Jidda, unguwar Hindawiyya. Babana Malam Na'ibi tsire yake gasawa a bakin titi, wanda Larabawan nan ke kira siriya. In liman ya yi tafiya shi ke jan salla, daga nan sunan ya bi shi. Abin da nake ba ku labari ya faru a shekarun da aka fara kawo talabijin garin nan. Ni a lokacin ɗinki nake yi a unguwar Bagdadiyya, gidan Sitti Bashira, matar wani attajiri Shaikh Mahmud. Abdulghani kuwa nahuda ne, wato mai tuƙin jirgin ruwa, shi ke riƙe da jirgin shan iska na Shaikh Mahmud, wanda suke ce wa yakht. Bahaushe ne tashin Bur Sudan. Ya aiko yana sona, an tsayar manyansa za su zo gidanmu ranar Juma'a. Baba ya yarda, Inna ta yarda. Saura mutum ɗaya, kuma ita ce duka: Kaka Dela, mahaifiyar Baba. A gidanmu ko tabarma ba a sauya wa wuri sai ta ce to. Ita kuwa magana ɗaya ta yi:

"Mutumin teku ba zai ɗauki jinina ba. Halas, magana ta ƙare."

Ba wanda ya san dalilinta. Abin da muka sani kawai, ta ƙetaro daga Sawakin ta ƙasar Sudan tun da daɗewa cikin sanbuk, wato jirgin ruwa na katako, Baba yana goye a bayanta, kuma tun daga ranar ba ta ƙara leƙa bakin ruwa ba. Ko kifi ba ta ci.

Ranar Talata ina gidan Sitti ina kafa hannun wata kurta, doguwar rigar mata, sai tarho ya ɗauki ƙara. Baƙi ne, mai nauyi, yana kan wani ɗan tebur a soro, an yi masa shimfiɗa da ƙyalle mai ado kamar amarya. Hannun Sitti duk lalle, ta ce, "Ruddi ya binti, ɗauki."

"Alo, gidan Shaikh Mahmud."

"A gaya wa Shaikh jirgi ya shirya. Alhamis da hantsi. Iskar arewa ce, mai laushi." Muryar Abdulghani ce, ina jin kukan tsuntsayen teku ta bayansa. "Mastura ce?"

"A'a, Shaikh ne ya sake murya."

Ya yi dariya. "Sitti ta ce har da ke za a je."

"Kaka ba za ta bari ba."

"Ki ce mata nahuda yana gaishe ta."

"So kake a kore ni daga gidan?"

"In an kore ki, akwai wuri a jirgi."

Na ajiye tarhon da sauri, kunnena kamar an ɗora masa garwashi. Ku 'yan yanzu da kuke kwana kuna hira a waya har magana ta ƙare ku koma turo hotuna, ba za ku gane ba. Wannan 'yar maganar na yini ina juya ta a baki kamar alewa, har na ɗinke wuyan kurtar Sitti a baibai.

Da yamma Baba ya kai zancen gaban Kaka. Tana zaune kan gadonta na igiya a tsakar gida, tana goga goro a magogi saboda haƙora sun tafi.

"Iya, Sitti Bashira ce da kanta ta nemi yarinyar nan ta raka su. Ba a ce wa irin gidan nan a'a."

"Uhm."

"Mata ne da yawa. Shaikh ma yana ciki."

"Budurwa a kan ruwa, nahuda a kan sitiya, kai kana nan kana fifita nama." Ta watsa goron a baki. "To. Ta je. Ni zan raka ta."

Inna ta saki ludayin da ke hannunta. Baba ya ce, "Iya, jirgin ruwa ne fa."

"Da na ɗauka raƙumi ne."

Daren Alhamis na ga shirin da ban taɓa gani ba. Kaka ta shimfiɗa zane ta ɗora ƙuli-ƙuli, da dabino, da busasshiyar gurasa, da ashana, da babbar gorar ruwa wadda sai mutum ya yi nishi zai ɗaga. Can ƙasa ta sa likkafaninta, wanda ta wanke da zamzam ta adana tun ban san kaina ba.

Inna ta ce, "Iya, yini ɗaya ne fa. Kafin magariba kun dawo."

Kaka ta ɗaure bakin ƙunshin ta ja da ƙarfi. "Mu ma haka aka ce mana."

Ni kuwa kurtata na saka, shuɗiya mai haske, wadda na haɗa da ragowar yadin Sitti, da wando mai aikin zare a ƙafa. Na naɗe gashina da mihrama fara, na ja kwalli siriri, na ɗora abaya a sama. Kaka ta dube ni sama da ƙasa ta ce in rage kwallin, kifi ba ya bukata. Ita baƙin zanenta na saƙi ta ɗaura, wanda har yanzu in ya ji zufa yana ba da ƙamshin baban rini.

Motar Shaikh ta sauke mu a bakin ruwa da hantsi. Ga jirgin nan fari fat, katakonsa kamar an shafa masa zuma, ƙarafansa na tagulla suna ɗaukar ido, ga doguwar sanda a tsakiya ta tasar wa sama. Abdulghani yana tsaye bakin katakon hawa, ƙafa ba takalmi, da farar futa a ƙugu da ɗan rawani. Da ya hango Kaka sai ya tsuguna har ƙasa, gaisuwar gida, a gaban Larabawa da kowa.

"Hajiya, barka da hantsi. An zo lafiya?"

Kaka ta dubi sama da kansa. "Mastura, waye wannan?"

"Kaka, shi ne."

"Na san shi ne. Ki ce masa ya matsa, zan wuce."

Ta taka katakon nan ita kaɗai, ƙunshi a ka, ba ta riƙe kowa ba. Ta zarce gindin doguwar sandar ta zauna, ta jingina bayanta, ta rungume ƙunshinta, ta rufe ido, ta ciro carbi.

Da inji muka fita daga tashar, yana ta tuf-tuf yana hayaƙi. Da muka wuce manyan jiragen kaya sai Abdulghani ya ɗaga murya, "Yalla, ya Amm Othman!" Amm Othman wani tsohon matuƙi ne ɗan Yanbu, siriri kamar sandar kiwo, shi ke taimaka masa. Suka ja igiya tare, wani makeken farin ƙyalle ya hau sama yana kaɗawa, shi ne suke kira shira'a. Iska ta cika shi. Sai aka kashe injin.

'Ya'yana, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ni tashin Hindawiyya ce, inda jakin mai ruwa da rediyon maƙwabta da kukan yara ba sa barin kunne ya huta. Sai ga ni a wurin da ba ka jin komai sai ruwa yana shafar katako, shaf, shaf, kamar ana tankaɗe a ɗaki mai nisa. Jirgin ya ɗan kishingiɗa gefe guda ya kama tafiya, ba gaggawa, kamar wanda ya san ba inda za a rufe masa ƙofa. Na waiwaya, Jidda tana ta ƙanƙancewa. Dogayen gidajen Balad, tsohon gari, masu tagogin katako suka koma kamar ƙwayoyin sukari da aka jera a faranti, hasumiyoyin masallatai kamar allurai, can bayansu duwatsun hanyar Makka sun yi shuɗi-shuɗi. Na nemi unguwarmu na rasa. Duk rigimar da ta hana ni barci, ashe babban yatsana ya isa ya rufe ta.

An yi wa mata rumfa ta gaba, da darduma da matasan kai. Muka cire abaya. Iska ta shiga hannun kurtata ta kumbura shi. Zakiya, 'yar Sitti, sa'ata ce kuma bakinta ba ya hutawa, ta miƙo mini shayi da na'ana'a ta raɗa mini:

"Nahudanki tun ɗazu bai dubi gabansa ba. In muka hau dutse ke za ki biya."

"Uskuti, yi shiru, Kaka tana ji."

"Kakarki tana Makka yanzu, dubi idonta."

Ruwan kansa ba kala ɗaya ba ne. Wani wuri shuɗi ne mai duhu kamar rini na farko, wani wuri kore kamar kwalbar turare, wani wuri fari-fari har kana ganin inuwar jirgi tana binmu a ƙasa. Amm Othman yana tsaye a goshin jirgi yana karanta kalar, in ya ɗaga hannun dama Abdulghani ya karkata dama, in hagu hagu, ba mai ce wa wani uffan. Muka gifta Abu Sa'ad, tsibirin da ake tsare alhazai don duba lafiyarsu, gine-ginensa sun yi tsit saboda ba lokacin Hajji ba ne. Muka gifta wani, muka gifta wani, ƙanana, shimfiɗaɗɗu, kamar gurasar da aka yar a kan ruwa. Wasu kifaye masu fukafukai suka tashi suka yi ta shawagi suka koma. Can kuma sai ga waɗansu manya baƙaƙe suna tsalle a gefenmu suna huci, yara suka ɗauki ihu, "Abu Salama! Abu Salama!"

Ihun ne ya buɗe idon Kaka. Ta leƙa a hankali, hannu ɗaya riƙe da sanda. A daidai nan ruwan garau yake, ƙasansa kuwa lambu ne sosai: rassa ja, rassa ruwan hoda, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar ƙwarya a kife, ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa suna shiga suna fita.

"Mene ne wancan?"

"Murjani ne, Kaka."

"Murjani? Wanda ake sa wa amarya a wuya?" Ta ƙara leƙawa. "Ga shi a zube kamar kara bayan girbi. Allah mai iko." Sai ta tuna tana fushi, ta koma ta rufe ido.

Amm Othman ya ɗauko simsimiyyarsa, 'yar molo mai tsirkiya biyar, yana kaɗawa ƙasa-ƙasa. Na kishingiɗa. Ta ƙarƙashin shira'a ina hango ƙafafun Abdulghani kawai, da hannunsa ɗaya a kan sitiya. Hannun nan bai matse ba, bai saki ba. Na ce a raina, mutumin da ya iya riƙe abu haka, zai iya riƙe mace. Ban sani ba ko barci na yi ko ido biyu nake, na dai ga kamar ni da shi ne kaɗai, muna ta tafiya, ba Juma'a, ba manya, ba kowa.

Rana ta kusa tsaka muka iso wani tsibiri mai farin yashi, ba gida ba bishiya, sai tsuntsaye. Aka saki anka ta goshi, aka naɗe shira'a. Amm Othman ya jawo huri, ɗan kwalekwalen da muke ja a baya, ya fara kwashe mutane zuwa gaɓa, da tukunyar sayadiyya, wato shinkafa da kifi, da rumfa da tabarmi. Da aka zo kan Kaka, ta ce ba inda za ta.

Sitti Bashira ta dawo da kanta. "Ya Hajja, ta'ali, taho, yashin nan kamar auduga. Ki miƙe ƙafa, ki ci abinci."

"Na gode, Sitti. Ba nahudan da zai ƙara sauke ni a tsibiri."

Ta faɗa da Hausa, Sitti ba ta ji ba, amma ta ga fuskar, ta ƙyale. Ni dole na zauna da ita. Abdulghani kuma nahuda ba ya barin jirginsa. Haka muka rage mu uku, ita a tsakiya, ni a goshi, shi can baya yana naɗe igiyar da ta riga ta naɗu. Daga gaɓa muna jiyo dariyar Zakiya, hayaƙin gashin kifi yana tashi a miƙe saboda iska ta kwanta.

Da azahar ta yi Kaka ta yi alwala da ruwan gorarta. Ta miƙe. Karo na farko ta dube shi.

"Kai. Ina gabas?"

Ya taso da sauri ya nuna mata da hannu biyu. "Nan, Hajiya. Ga duwatsun can da kike hange dishi-dishi, Makka tana bayansu."

Ta dubi rana, ta dubi duwatsun, ta dube shi, kamar mai sayen yadi a hannun wanda ba ta yarda da shi ba. Sannan ta shimfiɗa darduma ta kabbara.

Sallar Kaka Dela duk Hindawiyya an san ta. In ta tayar, za ka iya ɗora tukunya ka sauke. Ga farilla, ga nafila, ga wata nafilar, kuma ido a rufe take yi, wai kada duniya ta shigo.

Tana cikin raka'ar farko na ji iska ta taɓa mini ɗaya kuncin. Ta juyo ke nan daga teku, yadda take yi kullum bayan rana ta karkata. Jirgin da ke ɗaure ta goshi kawai sai ya fara juyawa a hankali, gindinsa yana zagayawa. Duwatsun Makka suka fara zamewa daga gaban Kaka suna komawa kafaɗarta. Malamai sun ce mai salla a jirgi in ya juya sai ya juya tare da alƙibla, amma wa ya taɓa gaya wa Kaka haka, ita da ko bakin ruwa ba ta zuwa? Na san abu ɗaya: in ta sallame ta buɗe ido ta ga tana fuskantar yamma, za ta ce nahuda ya nuna mata ƙarya. Daga nan ko Baba ya yi kuka da jini, magana ta mutu.

Na dubi Abdulghani. Shi ma ya gani. Huri yana gaɓa, ba halin kai anka ta biyu. Tayar da inji kuma zai firgita ta. Sai ya cire rawaninsa ya ajiye, ya ɗaura igiya a gindin jirgi, ya kama ɗaya bakin da haƙori, ya zame cikin ruwa ba ko fantsama. Ya yi iyo zuwa wani tudun murjani da ke kusa, ya hau ya tsaya, ruwa iya ƙirjinsa. Ya nemi inda zai ɗaura, duk kaifi ne, zai yanke igiyar. Sai ya naɗa ta a ƙugunsa, ya kafa ƙafa, ya jingina da baya ya ja.

Jirgin ya tsaya. Sannan a hankali, a hankali, ya dawo. Duwatsun suka koma gaban goshin Kaka.

Na rarrafa zuwa baya na leƙa. "Ka haukace? Murjani ne fa kake takawa."

"Raka'a ta nawa take?"

"Ta biyu."

"Alhamdu lillahi, saura biyu."

"Saura biyu na farilla."

Ya dube ni. "Nafila nawa take yi?"

"Ya danganta da yadda ranta ya ɓaci."

Dariya ta kusa sa ya saki igiyar. Ya cije leɓe ya ƙara ja. Iska tana ƙaruwa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ruwan garau yake, ina ganin ƙafafunsa a ƙasa, ina ganin wani jan zare siriri yana fita daga tafin ƙafarsa yana narkewa, ƙananan kifayen nan suna zagaye shi. Rana tana dukan kansa. Ni kuma ina durƙushe, ba abin da zan iya sai kallo. Mata da yawa an ba su zinariya, an ba su gidaje. Ni dai abin da aka ba ni ke nan, kuma har yau ban ga wadda zan yi musanya da ita ba.

Kaka ta yi farilla. Ta yi nafila. Ta ƙara. Ta zauna ta yi addu'a, ta ambaci matattu ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta shafa, ta buɗe ido, ta ga duwatsunta suna nan inda ta bar su. Ta juya.

"Ina yaron?"

Na nuna mata. Ta taso ta dafa ƙarfen gefe, ta daɗe tana kallonsa.

"Kai, me kake yi a nan kamar jakin mai ruwa?"

"Iska ce ta juya, Hajiya. Na nuna miki gabas, ban so jirgina ya ƙaryata ni."

Can ta ce, "Fito."

Da ya hau, duk inda ya taka sai jini. Ya ce ba komai, lemon tsami suke matsawa. Kaka ta ce in kawo. Ta zaunar da shi, ta kama ƙafar da hannunta, ta matse lemon nan har ɓawo, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Yi ihu mana. Wa kake jin kunya?"

"Ba zafi, Hajiya."

"Maƙaryaci. Ga hawaye nan." Ta yage gefen zanen da ta ƙunshe guzuri ta ɗaure masa. Sannan ta zauna, ta dubi yamma, inda ba komai sai ruwa.

"Mastura, sunan ubanki na yanka Hasan. Kin taɓa tambayar ina Husaini?"

Ban taɓa sanin Baba tagwaye ba ne.

"Daga Sawakin muka shiga sanbuk, ni da kakanki da mutanen garinmu, ɗaya a baya ɗaya a ƙirji. Ba mu da takarda, ta ɓoye aka ɗauko mu. Da gari ya waye aka tsaya a wani wuri. Nahudan ba ma jin yarensa. Amma akwai wani saurayi cikin ma'aikatansa, Bahaushe, shi ya yi mana magana da harshenmu. Ya ce, ku sauka, kun iso ƙasa mai tsarki, Jidda tana bayan tudun can, yini ɗaya ne. Muka sauka muna kuka muna sumbatar ƙasa. Maza suka ɗaura harami. Muka hau tudun muna labbaika." Ta nuna teku da haɓa. "Ruwa ne a bayansa. Ta ko'ina ruwa. Jirgi kuma ya yi nisa."

Ta ci gaba.

"Kafin masu nutson lu'ulu'u su tsince mu, nonona ya ƙafe. Ɗaya ya jure, ɗaya bai jure ba. Da hannu na tona. Na jera masa manyan bawon kifi masu fari don kada tsuntsaye su tone. Da baƙo ne kaɗai ya cuce ni, da na ce halin hanya ne. Amma da Hausa aka ce mini in sauka."

Abdulghani ya ce, murya ƙasa, "Hajiya, tsibirin yaya yake?"

"Tudu biyu ne kamar tozon raƙuma a jere. Da bishiya ɗaya tak, tsaye cikin ruwan gishiri."

Na ga fuskarsa ta sauya. Na ɗauka zafin lemo ne. Daidai nan huri ya bugi gefen jirgi, Zakiya tana kiran sunana, ta kawo mana sayadiyya a kwano.

Dawowarmu ita ce tafiya mafi daɗi da na taɓa yi a duniya. Iska tana bayanmu, shira'a ya buɗe kamar fiffike, rana ta yi laushi ta zuba wa ruwa ruwan zinariya. Yara suka yi barci a cinyar iyayensu. Kaka ba ta koma gindin sanda ba, kusa da ni ta zauna, ido a buɗe, har ta sa hannu ta tsinci shinkafar sayadiyya ta gefen da kifi bai taɓa ba. Ni kuwa a raina har na gama yanka rigar biki, na zaɓi zare, na kafa hannu. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini: tun da muka taso Abdulghani bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya.

Muka iso ana shirin kiran magariba, fitilun Jidda suna kamawa ɗaya-ɗaya. Mutanen gidan Shaikh suka sauka suka nufi mota. Kaka ta tsaya bakin katako, ta juyo.

"Abdulghani."

Yau ta fara kiran sunansa. Ya zo yana ɗingishi ya tsuguna.

"Ka ce wa manyanka Juma'a bayan la'asar. Na ba ka ita."

Na jira ya yi godiya. Bai yi ba. Kansa yana ƙasa, yana kallon ƙyallen da ta ɗaure masa.

"Hajiya, kafin in karɓa, akwai maganar da in na haɗiye ta ba zan iya zama da jikarki ba. Na san tsibirin nan."

Na ce a raina, yi shiru. Don Allah yi shiru, an riga an ba ka.

"Tun ina yaro babana yake kai ni, duk shekara kafin Hajji. Akwai 'yan tsibin ƙasa a gindin tudun, an jera musu bawo. Sai ya zuba musu ruwan sha, ya gyara bawon, ya zauna ya yi ta kuka. Bai taɓa gaya mana dalili ba. Abin da na sani, da ƙuruciyarsa ya yi aiki a sanbuk mai ɗauko mutanenmu daga Sawakin."

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin tasha. Direban Shaikh yana ta danna ƙaho. Kaka tana tsaye, ƙunshi a ka, ko ƙifta ido ba ta yi.

"Yana raye?"

"Yana raye, Hajiya. Shi zai jagoranci manyana ranar Juma'a."

"To." Ta gyara zaman ƙunshinta, ta sa ƙafa a kan katako. "Maganar da na yi ɗazu, ka ajiye ta tukuna, kada ka kai gida. Shi kuma ka ce masa ya zo. Ba sai ya kawo goro ba. Ya yi sallama kawai daga bakin ƙofa, da ƙarfi. Fuskar ta ɓace mini, amma muryar ina nan da ita."